Bariki da gari: daga Damagaram zuwa Agadas

Kalmar bariki ta daɗe a bakinmu har mun manta asalinta. Daga Ingilishi ta fito, ma'anarta mazaunin soja, ta hawo mana daga Najeriya. Amma dubi inda ta kai. In aka ce wane ɗan bariki ne, babu mai tunanin soja; ana nufin wanda ya bar gaban iyayensa ya buɗe ido, mai wayon da ba a cika sakin jiki da shi ba. In aka ce yarinya ta shiga bariki, kowace uwa ta san abin da aka faɗa. A Maradi kuwa bariki shi ne wajen ofisoshin hukuma, kan tudun da gari ya komo bayan ambaliyar gulbi ta 1945. Kalma ba ta yin irin wannan tafiya sai in abin da take nufi ya taɓa cin mutane da shansu da tarbiyyar ƴaƴansu. Shi ya sa nake ganin maganar sansanonin sojan waje, wadda ta cika gidajen rediyo tun 2023, ba za ta fahimtu ba sai an koma Damagaram.

A 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka yi yaƙin Tirmini a 1899, suka ci garin, suka kafa sansani kan duwatsu kusa da Birni, suka sa masa sunan mamacin. Soja ba ya noma, ba ya kiwo. Kullum sai an kai masa hatsi da nama da itace da ruwa da ciyawar dawaki, ga raƙuma da ƴan dako in tafiya ta tashi. Wani abin ana saye, wani ana karɓa da ƙarfi, talaka kuma bai san wanne zai same shi ba sai gardi ya tsaya a ƙofarsa.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kuɗi. Kakanninmu da wuri suke ciniki, manyan fatake kuma da azurfa. Da Nasara ya fara neman haraji da tammarsa, sai aka shiga tambaya: ina za a samo ta? A hannun wanda ke biyan albashi da ita take, wato a bariki. Mai gero ya kai geronsa can, mahauci ya bi, mai tuwo ta kafa tukunya a bakin ƙofa. Da hannun dama bariki ke fitar da kuɗin, da na hagu ya maido su ta hanyar haraji, amma a tsakani kasuwar gari ta riga ta juya fuska ta dube shi. Sana'o'in da ba a san su ba suka fito: tafinta, kuku, boyi, mai wanki. Ƴaƴan manya sun ƙi su da farko, sai bayi da baƙi da marasa gata suka ɗauka. Ba a jima ba mai sarauta ya koma yana jiran tafinta ya isar masa da magana. Ban ce wannan duka sharri ne ba, don akwai waɗanda ta nan suka fita daga bauta. Sai dai girma ya daina bin gida da malanta, ya koma bin kusanci da kumandan.

Kusancin nan kuwa ba shi da tabbas. Malam Yaro, babban attajirin Zinder, ya yi hulɗa da Faransawa tun zuwansu, ya taimake su da kaya. A 1906 aka zarge shi tare da Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, aka kama su, aka tuɓe sarkin aka kai shi Kodibuwa, aka miƙa riƙon gari ga wani babban bawan fada, Bellama. Duk ɗan kasuwar da ke rige-rigen kwangilar sansani ya kamata ya san labarin nan.

A 1911 Zinder ta zama babban birnin yankin soja na Nijar. Shekara 15 albashin sojoji da ma'aikata na zuba a kasuwarta. A 1926 aka kwashe mulki aka kai Yamai, ana kafa hujja da ƙarancin ruwa, ga kuma tsoron yadda Damagaram ke jingine da Kano, ƙasar Ingilishi. Ba a shawarci mai tuwo ba, ba a shawarci mahauci ba. Abin da ya riƙe garin bayan haka shi ne abin da yake da shi tun asali, fatauci da Kano da fata, sai kuma gyaɗa da ta bunƙasa daga baya.

Agadas ta ɗanɗani nata da ɗaci. Karɓe raƙuman Abzinawa don jigilar soja na cikin abin da ya harzuƙa mutane suka bi Kawusan, wanda ya tsare sojan Faransa cikin sansaninsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da rundunar ceto ta iso daga Zinder, ramuwar ta faɗa kan mutanen gari har da malamai, jama'a da dama suka gudu kudu, dabbobi suka salwanta.

Shekara ɗari bayan haka, a 2016, Amurka ta fara gina sansani na 201 a kudancin wannan Agadas ɗin, na jirage marasa matuƙa. An kashe kusan dalar Amurka miliyan 110, jirage suka fara tashi a 2019. A tuna halin da garin ke ciki a lokacin. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun kashe yawon buɗe ido. Dokar 2015 ta haramta jigilar baƙin haure zuwa Libiya, aka kama motoci, direbobi suka zauna. Zinariyar Jado da aka gano a 2014, an rufe wurin a 2017. Garin da ya rasa hanyoyin abinci uku a jere, in ya ji an ambaci miliyan 110, dole ya sa rai.

To, ina kuɗin suka shiga? Rundunar saman Amurka da kanta ta yi alfahari cewa sojojinta ne suka yi ginin, kuma ba su taɓa yin aiki mai girmansa da hannunsu ba. Ma'anar wannan a wajen ɗan Agadas ita ce, babban rabon bai bi ta kasuwarsa ba. Sansanin zamani ya bambanta da na 1899 a nan: wancan sai da geronmu yake rayuwa, wannan kuwa yawancin kayansa jirgi ke saukewa. Abin da ya rage wa ƴan gari shi ne gadi da shara da wanki da tuƙi da tafinta da ƙananan kwangiloli, sai kyautar kayan lakwal da na asibiti jefi-jefi. Ga gidan da ya samu, albarka ce ta gaske, kada kowa ya raina. Albashi ɗaya a ƙasar nan baki goma yake ciyarwa. Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne lissafin da yaro ke yi in ya ga mai gadin sansani ya fi mushen da ke koyar da shi samu, alhali mushen ma sai ya jira wata ya wuce. Yaro ba ya tambayar shekara nawa aikin zai yi, babur yake gani.

Sannan ga abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. Ƴan Nijar da yawa ba su san yawan sojan Amurka da ke ƙasarsu ba sai da aka kashe huɗu daga cikinsu tare da sojojinmu a Tongo Tongo a Oktoba 2017. A Tera, a Nuwamba 2021, mutum uku sun mutu lokacin da masu zanga-zanga suka tare ayarin sojan Faransa. Iyayen waɗannan ba su taɓa cin kwangilar kowa ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abin ya tafi da sauri. Sojan Faransa, kusan 1,500, sun gama fita a Disamba na shekarar. A Maris 2024 hukuma ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Yuli suka bar sansani na 101 a Yamai, ranar 5 ga Agusta suka miƙa na Agadas. Mutane sun yi murna a tituna, kuma suna da hujjarsu, don ƙasa ta masu ita ce. Daga nan kuma masu gadi da tafintoci da direbobi suka koma gida babu aiki, kamar yadda masu tuwon Zinder suka wayi gari a 1926. Titin saukar jirage mai tsawon kusan kilomita biyu yana nan a kudancin Agadas, a hannun sojojin Nijar.