Yadda Muryar Don Williams Ta Zama 'Yar Gida a Katsina

Ta Ƙofar 'Yandaka Lugard ya shigo Katsina a 1903, kuma tun daga lokacin kayan Turawa ke ta kwararowa birnin, wasu a karɓe su hannu bibbiyu, wasu a yi musu kallon hadarin kaji. Kiɗansu ya fi faɗawa kashi na biyu, domin kunnen da ya saba da kalangun Shata bai cika kula hayaniyar gita ba. Amma akwai wanda ya tsallake. Duk wanda ya san shagunan kaset da motocin haya na shekarun 1980, a bakin ƙofar nan ko a wata unguwa, ya san muryar Don Williams, ko da bai riƙe sunan ba.

An haife shi ranar 27 ga Mayu, 1939, a Floydada ta jihar Teksas, ya tashi a Portland kusa da Corpus Christi. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa gita. Samartakarsa ta zo daidai da tashen Elvis Presley da Buddy Holly, lokacin da yaran Teksas ke jin kantiri, wato waƙar manoma da makiyayan Amurka, tare da sabon kiɗan rok a akwatin rediyo ɗaya.

Bayan ya yi soja, a 1964 ya haɗu da Susan Taylor da Lofton Kline suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers. Kamfanin Columbia ya ɗauke su, Albert Grossman, manajan Bob Dylan, ya riƙe harkarsu. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Da ƙungiyar ta watse, Williams ya koma sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa.

Abin da ya faru a Nashville, cibiyar waƙar kantiri, daga 1971 shi ne ƙashin bayan labarin. Jack Clement, wanda ya yi aiki a ɗakin ɗaukar sauti na Sun a Memphis inda rok ya yi rarrafe, ya ɗauke shi aikin rubuta waƙa. A wancan zamani ana lafta wa waƙar kantiri gogen Turawa da 'yan amshi har muryar mawaƙi ta nutse. Williams da mai tsara masa sauti, Allen Reynolds, suka bi wata hanya: suka rage kaya. Makaɗinsa Kenny Malone yakan ajiye sanduna ya taɓa ganga da tafin hannu, gita na tafe a hankali, muryar nan mai kauri tana sama, kowace kalma na fita tsaf. Faifansa na farko ya fito a 1973, a 1974 ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, kuma ya hau shi sau 17 a rayuwarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, bai bi taurarin rok ba, su suka biyo shi. Pete Townshend na ƙungiyar The Who da Ronnie Lane sun rera wata waƙarsa a faifansu na 1977. A 1978 mai kaɗa masa gita, Danny Flowers, ya rubuta "Tulsa Time", mai takun rok sosai, Williams da Eric Clapton kowa ya ɗauke ta a shekarar. A saurari ta Williams: kiɗan na tura mutum gaba, shi kuwa ko ɗaga murya bai yi ba. Bai ɗauki komai daga rok ba sai takun.

A ganina, nan ne sirrin karɓuwarsa a ƙasar Hausa. Mawaƙin kantiri Jim Reeves, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1964, ya riga ya share fage a Nijeriya da faifan garmaho. Da kaset ya zo, ana kwafa da araha, sai Williams ya gaje shi. Ɗan sakandare mai koyon Turanci yana iya bin maganarsa daki-daki. Magidanci na iya kunna shi gaban surukai ba tare da ya sunkuyar da kai ba, don zancensa bai wuce aure, riƙon amana, kewar gida da roƙon Ubangiji ba. A dandamali ma a kan kujera yakan zauna, da tsohuwar malafarsa, babu tsalle babu rawar kai. Mutanen da ke auna mutum da natsuwa da kunya ba su sha wahalar gane irinsa ba.

Shi kansa ya zo ya ga yawan masoyansa na Afirka a 1997, sa'ad da ya yi wasa a Harare ta Zimbabuwe. A 2010 aka shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan kantiri, ya yi ritaya a 2016, ya mutu ranar 8 ga Satumba, 2017, a Mobile ta jihar Alabama, yana da shekara 78. Shagunan kaset sun shuɗe, amma har yau dattawan da suka yi samartaka da shi sukan sa masu tura waƙa a waya su zuba musu shi tare da Shata da Ɗanmaraya.