Hadarin Gabas da Mutanen Bakin Tabkin Kainji



A rubutun boko, lanƙwasa ɗaya ce ta raba hadari, watau gajimaren da ke zuwa da iska da ruwa, da haɗari, watau abin da ke halaka mutum. A ƙasar Yauri kuwa, wanda sana'arsa ke kan ruwa ya san kusancin kalmomin nan ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda mutanen wannan ƙasa suke gane tasowar hadari, da abin da ya sami wannan ilmi nasu bayan da aka datse Kwara.

Tun kafin zuwan Turawa, Gungawa da Sarkawa sun san hadarin da ake tsoro daga gabas yake tasowa. Rana takan yi zafi, zufa ta dami kowa, iskar da ta wuni tana kaɗawa daga kudu maso yamma ta ɗauke, gari ya yi tsit. Sa'an nan gabas ta yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi ta taso da ƙura. Malamai masu lissafin taurarin damina suna iya gaya wa manomi lokacin shuka, amma ba su iya gaya wa masunci abin da la'asar ɗin yau za ta kawo. Wannan sai ido.

Da Turawa suka zo, sai suka sa wa abin ma'auni, har aka kafa tashar awon yanayi a Yelwa. A 1945 wasu masana biyu, Hamilton da Archbold, suka buga nazarinsu kan yanayin Nijeriya, inda suka nuna irin wannan hadari jeri yake yi daga arewa zuwa kudu, ya nufi yamma. Binciken da ya biyo baya ya nuna jerin kan kai ɗaruruwan kilomita, yana gudun kimanin kilomita 50 a awa. Iskar nan mai sanyi kuwa, ruwan da ke zuba ne yake sanyaya ta, ta faɗo ƙasa ta ruga gaban hadarin. A ganina ba su ƙaryata Bagunge ba ko da a wuri ɗaya. Dalili kawai suka ba abin da ya riga ya sani.

To, ina aka sami tangarɗa? A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungu da yawa, aka tayar da mutum kimanin 44,000. A da, kogi ne mai tsibirai: in ka hangi baƙin gabas, kafin iska ta iso ka kai gaɓa ko ka fake bayan wani gungu. Yanzu tabki ne mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa a wajen Foge ya haura kilomita 20. Iska ta sami fili, igiyar ruwa ta yi girman da kakanni ba su saba gani ba, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Alamun suna nan daram, amma lokacin da suke ba mai kwalekwale ya daina isarsa.

Kada mu ɗora wa hadari laifin da ba nasa ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara ran 26 ga Mayu 2021, aka rasa rayuka masu yawa, hukuma cewa ta yi lodi ne ya fi ƙarfinsa. Sai dai jirgin da ya kasa a ruwa kwance, ƙaƙa zai yi in iska ta taso?

Tun 1977 tauraron Meteosat ya fara ɗaukar hoton gajimaren Afirka, a 2003 kuma aka kafa hukumar NiMet. Yau ɗalibi mai waya a hannu yana iya kallon hadari yana baro Kontagora, ya ratsa ta wajen Birnin Yauri da Ngaski, kusan awa biyu kafin ya sauka kan tabki. Awa biyun nan sun isa a hana jirgin kasuwa tashi daga Wara, in da akwai wanda aka ɗora wa aikin kai wa Sarkin Ruwa labari.