Gonar Makaranta a Ƙasar Dandi

Madekali tana gabas da Malanbil, kusa da fadamar Kogin Kwara, ba nisa da iyakar Nijeriya. Dandawa da Fulani da Hausawa suke zaune a wurin. Abincinsu daga ƙasa yake fitowa, watau shinkafa, gero, dawa, da albasa wadda ake lodawa a manyan motoci zuwa Kwatano. Amma makarantar boko da Faransawa suka kawo ba ta kula da wannan ba, gama aikinta shi ne ta fitar da akawu da tafinta. Yaro in ya iya Faransanci sai ya ga riƙe fartanya ya zama masa abin kunya, ko da yake Littafin Farawa ya nuna noma ne aikin fari da aka danƙa wa mutum.

A ran 26 ga Oktoba 1972 Matiyu Kereku ya karɓi mulkin Dahomi da ƙarfin soja. A shekara ta 1975, shekarar da aka sake wa ƙasar suna ta zama Binin, gwamnatinsa ta kafa dokar da aka kira Sabuwar Makaranta. Dokar ta ce kowace makaranta ta zama wurin koyo da wurin aiki kuma. Aka yanka gonaki, aka kafa ƙungiyoyin gama kai na 'yan makaranta, domin abin da aka girbe ya ɗauki wani kashi na hidimar makarantar. Har lokacin karatu aka juya, ana farawa a Fabrairu a gama a Disamba, don damina ta sami yara a aji.

Tunanin yana da kyau, musamman ga ƙasar Dandi. A waɗannan shekaru ne gwanayen noma daga Sin suka taimaka aka gyara fadamar shinkafa ta Malanbil, inda ake ɗebo ruwan kogi da inji. Noman rani irin wannan yana bukatar wanda ya san awon taki, da renon iri kafin dashe, da lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu. Ina za a koyi wannan in ba a makaranta ba?

Sai dai an sa kaya a kan jakin da ba a ciyar ba. Yawancin malaman ba a koya musu noma ba, waɗansu ma samari ne da aka tura aji bayan horo na ɗan lokaci. A wurare da dama gona ta zama wurin horon mai laifi, yara suna shan rana, ba su san inda kuɗin amfanin ya shiga ba. Iyaye suka yi gunaguni, suna cewa in don noma ne, ai uban yaro ya fi malam sani. Ba su yi ƙarya ba. Laifin kuwa ba na fartanya ba ne. An sa yara aiki ne, ba a koya musu dalilin aikin ba.

Sa'ad da aljihun gwamnati ya bushe, malamai suka yi watanni ba albashi, aka rasa shekarar karatu ta 1989 saboda yajin aiki. Bayan Taron Ƙasa na Fabrairu 1990, aka yi babban taron ilimi a Oktoba, aka ajiye Sabuwar Makaranta. Gonakin makarantu da yawa suka koma saura, aka zubar da mai kyau tare da marar kyau.

Amma tun 1985 wani limamin Katolika ɗan Nijeriya, Fada Godfrey Nzamujo, ya buɗe cibiyar Songhai a Porto Novo. A can kashin kaji da na dabbobi yakan zama taki, ragowar amfanin gona ta ciyar da kifi da dabbobi, ɗalibi kuma ya koyi ciniki tare da shuka. Samari suka riƙa zuwa da kansu, har daga waɗansu ƙasashe, aka kuma buɗe reshe a Faraku. Daga Madekali zuwa Faraku tafiyar fiye da kilomita 300 ce, alhali fadama tana bayan gari.