Tashar jirgin ƙasa ta Rufisque

Tashar Rufisque tana kimanin kilomita 25 gabas da Dakar, babban birnin Senegal. Tana kan layin dogo na Dakar zuwa Saint-Louis da Faransawa suka buɗe a 1885, zamanin da gyaɗa ce arzikin garin: a nan ake sauke buhuna a kai su bakin teku. Yau fasinjojinta ma'aikata ne da ɗalibai masu gudun cunkoson motoci a hanyar Dakar.

Tun ran 27 ga Disamba 2021 jirgin TER yake tsayawa a nan, a tafiyarsa ta kilomita 36 tsakanin Dakar da Diamniadio. An gyara tsohon ginin tashar, ba a rushe shi ba. Kamfanin SETER ke gudanar da jiragen, kuma tikiti mafi araha sefa 500 ne.