Yajin Aikin 'Yan Tallar Jarida na 1899 da Yadda Wasan *Newsies* Ya Kawo Shi Kan Dandamali

Gabatarwa

Duk marubucin da ya ɗauko wani abu da ya auku a tarihi domin ya gina wasan kwaikwayo a kansa, tilas ne ya yi rage da ƙari, domin tarihi ba ya zuwa a tsare kamar fitowa ta ɗaya da ta biyu. Abin da ya kamata manazarci ya bincika shi ne me aka rage, me aka ƙara, kuma wa ƙarin ya amfana. Wannan maƙala za ta dubi wasan waƙa da rawa mai suna *Newsies*, wanda kamfanin Disney ya shirya a kan yajin aikin da yara masu tallar jarida suka yi a birnin Niyok na ƙasar Amurka a 1899, ta auna shi da abin da ya faru.

Tushen Rikicin

A wancan zamani 'yan tallar jarida ba ma'aikatan kamfanonin jaridu ba ne, saboda haka ba su da albashi. Yaro zai je ƙofar maɗaba'a ya sari jaridu da kuɗinsa, kwafi 100 a kan senti 50, ya shiga tituna yana shela, ya sayar da kowane kwafi senti 1. In ya sayar duka ya ci ribar senti 50. In kuwa an yi ruwa, ko kanun labaran ranar ba su ja hankalin jama'a ba, kwantan da ya rage asararsa ce, domin kamfani ba ya karɓa. Akasarinsu 'ya'yan baƙi ne matalauta da suka yiwo ƙaura daga Turai. Wasu suna kai wa iyayensu abin da suka samu, wasu kuma sai gidajen kwana irin wanda ƙungiyar Children's Aid Society ta tanadar musu, ko kuma bakin titi.

A 1898 yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifaniya a kan ƙasar Kyuba, kasuwar jarida ta buɗe. Masu jaridu suka ɗaga farashin sari zuwa senti 60, yaran ba su tada jijiyar wuya ba, tun da ciniki yana tafiya. Da yaƙin ya ƙare sauran jaridu suka koma tsohon farashi, in ban da guda biyu, wato *World* ta Joseph Pulitzer da *Journal* ta William Randolph Hearst, waɗanda suka daɗe suna gasa a tsakaninsu har kowa yana neman inda zai rage asara. Senti 10 ba komai ba ne a wurin waɗannan attajirai, amma a wurin yaron da ribarsa ta sauko daga 50 zuwa 40 a daidai lokacin da ciniki ya ja baya, kuɗin abincin darensa ke nan.

Mako Biyu na Yaji

An fara tarzomar ne a unguwar Long Island City a tsakiyar watan Yuli na 1899, inda yara suka kifar da keken dokin da ke rarraba jaridar *Journal*. Cikin kwana biyu yaran Manhattan da Brooklyn suka ƙaurace wa jaridun biyu. Sun yi sa'ar lokaci, domin a makon nan ma'aikatan taragon Brooklyn suna nasu yajin, hankalin 'yan sanda ya karkata can. Kuma kada a ɗauka yajin na lalama ne: duk wanda aka gani da jaridun nan a hannu ana ƙwace su a yayyaga, wani lokaci har da duka, ko da ƙato ne kamfani ya ɗauko haya. A ranar 24 ga Yuli suka yi babban taro a zauren Irving Hall, wanda aka ƙiyasta yara kimanin 5,000 sun halarta, mafi yawansu a tsaye a waje. Cikin waɗanda suka yi jawabi akwai David Simmons, shugaban ƙungiyar, da wani saurayi mai ido ɗaya da ake wa laƙabi da Kid Blink, wanda bakinsa ya sa ya zama fitaccen jagoran yajin. Don Seitz, manajan kasuwancin *World*, ya riƙa aika wa Pulitzer rahotanni, kuma daga cikinsu ne aka san cewa kwafin da ake bugawa ya faɗo daga 360,000 zuwa 125,000.

A nan akwai abin lura game da madogara. Kusan duk abin da aka sani na maganganun yaran ya fito ne daga jaridu irin su *Sun* da *Tribune* da *Times*, waɗanda abokan gabar Pulitzer da Hearst ne a kasuwa, kuma daɗi suke ji da abin da ya same su. Sun riƙa rubuta jawaban yaran da karyayyen Ingilishin bakin titi domin nishaɗin masu karatu, har mai nazari ya rasa inda maganar yaro ta tsaya da inda gishirin ɗan jarida ya fara.

Kwana biyu bayan taron aka fara raɗe-raɗin cewa an sayi Kid Blink da Simmons, musamman da aka ga Kid Blink cikin sababbin tufafi. Sun musanta, amma shugabanci ya suɓuce daga hannunsu. A farkon watan Agusta kamfanonin suka yi tayin sulhu: farashi zai tsaya a senti 60, amma za su riƙa karɓar duk kwantan da ya rage su mayar da kuɗi. Yaran suka koma aiki ranar 2 ga Agusta. A ganina wannan ba ƙaramar nasara ba ce, domin ta ɗauke haɗarin asara daga wuyan yaro ta ɗora shi a kan mai jarida.

Daga Tarihi Zuwa Dandamali

An kusa mantawa da lamarin sai da masanin tarihi David Nasaw ya ba shi babi a littafinsa *Children of the City* na 1985. A 1992 Disney ta fitar da fim ɗin *Newsies*, Christian Bale ya fito a matsayin jarumi, fim ɗin kuma ya faɗi warwas a sinima, sai daga baya ya sami masoya ta hanyar kaset ɗin bidiyo. Wasan dandamali, wanda Harvey Fierstein ya rubuta, Alan Menken ya tsara kiɗa, Jack Feldman ya rubuta baitoci, an fara nuna shi a Paper Mill Playhouse a jihar New Jersey a 2011. Ya koma Broadway a watan Maris na 2012, ya ci lambobin Tony biyu, na kiɗa da na tsara rawa, aka nuna shi fiye da sau 1,000 kafin a rufe a Agustan 2014. An kai shi Landan a 2022.

Wasu sauye-sauyen ba su da laifi. An ƙirƙiri jarumi guda, Jack Kelly, a madadin shugabanni da dama, an kuma matso da ƙarin farashin zuwa jajiberin yajin domin dalili da sakamako su haɗu a idon mai kallo. An jingine Hearst, aka bar Pulitzer a matsayin mugu shi kaɗai yana zaune a ofishinsa, alhali a 1899 idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ta wasiƙu yake gudanar da jaridar daga nesa. Hatta zargin cin amana an riƙe shi, sai dai an wanke jarumin, an nuna tilasta masa aka yi domin ya ceci abokansa.

Sauyin da ya fi nauyi yana ƙarshen wasan. An ƙirƙiro wa Pulitzer 'ya 'yar jarida mai suna Katherine, wadda ta so Jack ta kuma rubuta wa yaran takardar gwagwarmaya, sannan aka shigo da gwamnan jihar, Theodore Roosevelt, ya matsa wa Pulitzer lamba har ya miƙa wuya. Roosevelt shi ne gwamna a shekarar, amma bai raba wannan gardama ba. Yaran 1899 ba su sami 'yar attajiri ko gwamna a bayansu ba. Abin da ya sa aka saurare su shi ne jaridun da suka taru a maɗaba'a babu mai ɗauka. Wasan ya karɓe wani kaso na nasarar daga hannun yaran ya miƙa wa manya masu tausayi, ya kuma bar mai kallo da zaton cewa an share hawayen yara ma'aikata a birnin. Alhali bayan shekara goma Lewis Hine yana nan yana ɗaukar hotunan ƙananan yara rungume da jaridu a titunan Amurka da tsakar dare, kuma dokar tarayya mai ƙarfi kan aikin yara ba ta tabbata ba sai a 1938.