Donald Whyte da Sana'ar Bin Salsala a Ƙasar Sikotlan

Ilmin nasaba daɗaɗɗen abu ne a Sikotlan, amma ya daɗe yana hidimar masu mulki kaɗai. A yankin tsaunukan arewa, inda ake magana da harshen Gelik, kowane babban gida yana da masu riƙe masa tarihi da ka, su jero kakannin shugaban dangi a ranar taro, kamar dai yadda maroƙan fada ke yi. Zuriyar MacMhuirich ta gāji wannan aiki tsawon ƙarnoni. A Edinbara kuwa akwai kotun Lord Lyon, wadda tun 1672 take riƙe da rajistar tamburan manyan gidaje. Manomi da masunci da masaƙi ba su da gurbi a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar aikin Donald Whyte (1926-2010), ɗaya daga cikin waɗanda suka juya akalar wannan ilmi zuwa ga talakawa, suka kuma mai da shi sana'a mai ƙa'ida.

An haifi Whyte a Newtongrange, wani gari na mahaƙa kwal a gundumar Midlothian. Ba ta ƙofar jami'a ya shigo wannan fage ba. Da aikin gona ya fara neman abinci, karatun tsofaffin takardu kuwa shi ya koya wa kansa. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Nasaba ta Sikotlan a Edinbara cikin 1953, kuma ya yi mata hidima shekaru masu yawa. Ya zauna a ƙauyen Kirkliston, har ya rubuta tarihinsa.

Ba za a gane nauyin aikinsa ba sai an san irin kayan da mai wannan sana'a yake aiki da su. Ranar 1 ga Janairu 1855 hukuma ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa bisa tilas. Takardun Sikotlan sun fi na Ingila bayani, domin shaidar mutuwa tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan da uwar ta fito. Saboda haka tsohuwar da ta rasu a 1860 tana iya kai mai bincike ga iyayen da aka haifa tun ƙarni na 18. Daga 1855 zuwa baya kuwa sai a dogara ga littattafan majami'u, waɗanda mafi tsufansu, na Errol, ya faro daga 1553. A nan ne wahala take. Wani magatakarda ya rubuta da kyau, wani ya yi sakaci, wani littafin danshi ya cinye shi. Harajin kwabo uku da aka ɗora wa kowace rajista daga 1783 zuwa 1794 ya sa matalauta da dama suka ƙi kai sunayen 'ya'yansu. Sa'an nan rabuwar majami'ar ƙasar a 1843 ta fitar da ɗimbin iyalai daga waɗannan littattafai. Dole mai bincike ya cike giɓi da ƙidayar jama'a, wadda ta fara kawo sunan kowa daga 1841, da takardun wasiyya, da rajistar mallakar filaye da aka buɗe a 1617. Al'adar raɗin suna ma takan taimaka, watau ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci sunan kakarta ta wajen uwa, ko da yake wannan alama ce kawai, ba hujja ba.

Akasarin masu neman a bi musu salsala daga ƙetare suke: Kanada, Amurka, Ostareliya da Niyu Zilan, jikokin waɗanda talauci ko korar da masu filaye suka yi wa manoman tsaunuka ta fitar da su. Matsalarsu guda ce. Sun san kakansu daga Sikotlan ya zo, amma ba su san daga wace gunduma ba, alhali littattafan majami'u gunduma-gunduma aka rubuta su, kusan 900. Wannan rami Whyte ya ɗauki alhakin cikewa. A 1972 ya fitar da A Dictionary of Scottish Emigrants to the USA, a 1986 kuma juzu'i na farko na A Dictionary of Scottish Emigrants to Canada before Confederation, wanda ya tattara waɗanda suka isa Kanada kafin 1867. Kowane suna da abin da aka samu game da shi: mahaifa, sana'a, jirgin da ya hau, inda ya sauka, da madogarar bayanin. Littattafai ne da ba su da daɗin karatu ko kaɗan, amma a nan darajarsu take, domin ba su faɗin abin da takarda ba ta faɗa ba.

Wannan tsantseni yana da dalili. Wanda ya biya kuɗi yakan so a ce masa shi jinin shugaban dangi ne, kuma akwai masu sayar masa da wannan labari tare da tambari. Alhali tarayya a suna ba ta tabbatar da tarayya a jini. Talakawa da yawa sun ɗauki sunan shugaban da suke zaune a ƙasarsa. Da aka haramta sunan MacGregor a 1603, masu shi suka fake da sunaye irin su Murray da Drummond, shi kansa Rob Roy da Campbell ya yi amfani, sunan gidan uwarsa. Ba a ɗage haramcin gaba ɗaya ba sai 1774. Don kare masu neman asali daga 'yan ci-da-ceto ne Whyte ya jagoranci kafa ƙungiyar ƙwararrun masu wannan sana'a a 1981, wadda ake kira ASGRA a taƙaice, mai tantance aikin mutum kafin ta karɓe shi.

Kafin rasuwarsa a 2010 yanayin aikin ya sāke. Tun 2002 dandalin ScotlandsPeople ya fara sa waɗannan takardu a intanet, har mutum yana Toronto ya ga shafin da dā sai an je New Register House a Edinbara. Abin da ya rage wa ƙwararre shi ne karanta tsohon rubutun hannu, da fahimtar kalmomin shari'a na harshen Sikots da Latin, da rarrabe John Macdonald ɗaya daga sauran masu wannan suna a gunduma guda.