Tarihin ɗakin karatun yara na Kilamar

Tarihin da muka kawo muku a wannan fitowa ba na sarauta ba ne, ba na yaƙi ba. Na wani ɗakin karatun yara ne a ƙasar Faransa, da yadda aka yi har manya suka yarda su damƙa wa yaro littafi ba tare da tsaya masa a kai ba.

Kafin yaƙin duniya na farko, galibin ɗakunan karatu na Faransa na manya ne. Littattafai suna bayan kanta, sai ka roƙa a miƙo maka, yaro kuwa ba a marhabin da shi. Bayan yaƙi wani kwamitin Amurkawa ya ba da kuɗi, aka buɗe ɗakin karatu na yara zalla a birnin Pari cikin shekara ta 1924, aka sa masa suna L'Heure Joyeuse, wato lokacin farin ciki. Mata uku suka riƙe shi: Claire Huchet, da Marguerite Gruny, da Mathilde Leriche.

Abin da suka yi ya ba mutane mamaki. Littafi yana nan a fili, yaro ya ɗauka da hannunsa. Maza da mata suna zaune ɗaki guda, alhali a lakwal raba su ake yi. Wanda ya zo sabo sai ya sa hannu cikin babban rajista, ya yi alkawarin kula da littattafai, ya kuma wanke hannu kafin ya taɓa su. Kowane wata yara suna taro su zaɓi shugabanni biyu, namiji da mace, masu tarbar baƙi da taimakon ma'aikata. Ranar alhamis, wadda ita ce ranar hutun ƴan lakwal a wancan zamani, sai a zauna a ba su labari da baki. Mu dai da muka ji wannan sai da muka yi murmushi, gama tatsuniya ce kakanninmu suke yi tun fil azal, ba da takardar shaida ba.

A wannan ɗaki ne wata budurwa, Geneviève Patte, ta koyi aiki, kana ta ƙaro sani a Jamus da Amurka. Da ta komo sai ta gamu da wata mai dukiya, Anne Schlumberger, wadda ta yi niyyar gina wa yara ɗakin karatu da kuɗinta. Suka kafa ƙungiya mai suna La Joie par les livres a 1963. To, ina za a gina? Ba su nemi tsakiyar birni ba. Suka zaɓi wata unguwar ma'aikata a garin Kilamar, a gefen Pari, inda gidaje da yawa ba su da littafi. Aka buɗe a 1965.

Ginin kansa abin kallo ne: ɗakuna tara masu zagaye, manne da juna, kai ka ce rumbuna ne aka jera. Kujeru da tebura daidai tsayin yaro. A wancan lokaci yara ne ke taimakawa wurin ba da aron littafi, akwai kuma ƴar na'urar ɗab'i da suke buga rubutunsu. Ba a yi wa kowa jarrabawa a kan abin da ya karanta, domin wurin ba lakwal ba ne, ma'aikata kuma ba mushe ba ne. Baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe don su gani. A 1972 ƙungiyar ta shiga hannun gwamnati.

Amma abin da ya fi burge mu ya zo daga baya. A farkon shekarun 1980 ma'aikata suka lura akwai yaran unguwa da ba su taɓa leƙowa, ko sun zo ba su zauna, duk da kyan gini. Wasu da sun ce laifin iyaye ne, su rufe zance. Su kuwa sai suka zuba littattafai cikin kwanduna, suka fita. Kowace laraba da safe, wuri guda, lokaci guda, suna zaune kusa da inda yara ke wasa. Mai so ya zauna a karanta masa, mai so ya ari littafi ya tafi da shi gida ya dawo da shi mako mai zuwa. Iyaye suna hange ta taga, sannu a hankali suka saba da fuskokin. Duk wanda ya taɓa shiga wani biro a baƙon gari gabansa na faɗuwa, ya san abin da ya tsare waɗannan yara a bakin ƙofa.

Aikin bai tsaya Faransa ba. Tun 1989 ƙungiyar ta fara fitar da mujallar Takam Tikou, mai duba littattafan yara na Afirka, tare da masu riƙe da ɗakunan karatu na ƙasashenmu masu aiki da Faransanci.

A 1993 aka sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa. Wannan bai hana ba, a 2006 aka ce za a rufe shi. Iyaye, da ma'aikata, da waɗanda suka yi karatu ciki suna yara suka shiga suka zauna, suka ƙi fita, har aka janye maganar. A 2007 wata sabuwar ƙungiya ta karɓi riƙonsa, da sunan La Petite Bibliothèque Ronde, ƙaramin ɗakin karatu mai zagaye.